INA RABON MUTANEN BAYAN GANUWA?

Kowane Bazazzagi ya san Ƙofar Galadima, kamar yadda ya san Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauran ƙofofin birnin Zariya. Kakanninmu sun gina ganuwa domin tsare gari daga mahara, suka bar ƙofofi domin mutanen karkara su shigo da hatsi da itace da nono, su fita da gishiri da tufafi. Yau ganuwar ta zube a wurare da yawa, ba kuwa wanda ke rufe ƙofa in magariba ta yi. Amma fa an sake gina wata ganuwa wadda ido ba ya gani. Mutumin da ke cikinta yana aika kuɗi Ikko yana zaune a kan tabarmarsa, ya ga farashin masara a Dawanau kafin ya gama shan koko. Na bayanta kuwa sai ya hau tudu, ko ya je gindin wata bishiya da duk ƙauye suka sani, ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wannan ganuwa ita ce ta intanet, kuma a kanta za mu yi magana a wannan mako.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce jaridar talakawa ta rasa abin faɗi, ga tsadar taki, ga ɓarayin daji, ga asibiti ba magani, sa'an nan ta tsaya kan abin da samari ke kallon wasa da shi. To, a yi mana haƙuri a saurara. Ba mu muka ce talaka ba zai iya rayuwa sai da intanet ba. Gwamnati ce ta faɗa, da ayyukanta.

Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda, ta ce duk yaron da ke son shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, a watan Afrilu na 2022 kuwa aka toshe kira daga layuka fiye da miliyan 70 saboda masu su ba su haɗa ba. A 2024 aka buɗe bashin karatu na ɗalibai, aka ce ba a nema sai ta intanet. Neman aikin soja, neman aikin ɗan sanda, duba sakamakon jarrabawa, duk ta can. Watau an kwashe ofisoshin gwamnati an zuba su cikin waya, sa'an nan aka bar mutanen Wuciciri da Dambo da ƙauyukan Soba da Kubau su san yadda za su yi su kai ga ƙofar ofishin. Wanda ya wajabta wa jama'a alwala, ai shi ya kamata ya nuna musu rijiya.

'Yan kasuwa ba su bukatar a tuna musu da farkon 2023, amma za mu tuna, domin mahukunta suna so a manta. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ce zai canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Aka ce wa jama'a ba komai, kowa ya yi ciniki da tiransifa. Kai jama'a! Wane ido ne bai ga abin da ya biyo baya ba? Mai saye ya ce ya tura, ya nuna wayarsa. Mai kaya ya duba tasa, ba alat. Su tsaya cirko-cirko daga hantsi har azahar, ba a san ko maƙaryaci ne mai sayen ba, ko kuwa sabis ne ya riƙe kuɗin a sama. Mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki da amana suka fara kallon juna da zargi. Masu POS waɗanda suka samu takardar kuɗi suka mai da naira haja, ana sayenta da naira. Manomi ya kawo buhun masara, ba shi da asusun banki, in ma yana da shi ba sabis a garinsu da zai ga ko kuɗi sun shiga, tilas ya sayar wa duk wanda ke riƙe da takarda a hannu, a kan farashin da mai takardar ya ga dama. Mai tumatir na fadamar Galma shi ne ya fi shan wuya, domin masara tana jira, tumatir ba ya jiran kowa. Sai ran 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Gwamnatin Jihar Kaduna ta lokacin tana cikin waɗanda suka kai ƙarar, tare da Kogi da Zamfara, kuma mu ba mu hana wa kowa yabonsa in ya yi abin yabo. Amma asarar da mutanen karkara suka yi cikin waɗannan makonni, wa ya biya su?

Abin nan ba sabo ba ne, riga ce kawai ya sake. Tsofaffi suna tuna zamanin gyada da auduga. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka shimfiɗa wayar tangaraho, kamfanonin Turawa suna jin farashin Ingila, manomi ba ya jin ko na Tudun Wada. Sai ɗan baranda ya tare shi a hanya, ya ce kasuwa ta faɗi, ya auna yadda ya so, ya biya yadda ya so. Da aka kafa hukumomin ciniki na gyada da auduga a 1949, sai aka yanka wa manomi farashi, rarar ta tafi inda ta tafi. Ƙarfin ɗan baranda ba a jarinsa yake ba, a jahilcin manomi game da farashi yake. Saboda haka ne lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a nan Zariya a 1939, aka riƙa taruwa a zaure mutum ɗaya yana karanta wa goma. Saboda haka ne kuma magabatanmu na NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, su Malam Aminu Kano da waɗanda suka biyo su irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya, suka sha ɗauri da bulala a kan abu ɗaya: talaka ya san abin da ake yi da shi. Wanda ya riga ka jin labari ya riga ka cin kasuwa, jiya da yau duka.

In ana son shaida, ga ta a maƙwabta. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tarar cewa inda waya ta shiga, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma amfanin ya fi yawa a kasuwannin da ke nesa, masu mugunyar hanya. Dalili a fili yake. Falke ba ya ƙara ɗaukar kaya bisa tsammani, sai ya kira ya ji. Wannan fa kiran murya ne kurum.

To, me ya sa ba mu ce a bar mu da kiran murya ba? Domin zamani ya wuce nan. Sabis iri-iri ne. Akwai na farko, wanda ake kira 2G, wanda ya zo mana a 2001: yana ɗaukar murya da gajeren saƙo. Akwai 3G, yana ɗaukar hoto yana nishi. Akwai 4G, wanda da shi ne bidiyo ke buɗewa ba tsayawa. Akwai kuma 5G, wanda aka fara a manyan birane a 2022, bayan kamfanoni biyu sun biya gwamnati dala miliyan 273.6 kowannensu a gwanjon Disamba 2021. Ƙauyuka da yawa da ake lissafa su cikin masu sabis, na farkon nan ne gare su, shi ma sai iska ta kaɗa daidai.

Ku duba abin da wannan ke hana mu. A Samaru, mil kaɗan daga bakin ganuwa, akwai cibiyar binciken aikin gona da ta samo asali tun 1922, akwai kuma NAERLS, wadda aikinta shi ne kai wa manoma sakamakon bincike. Masana iri da taki da ƙwari suna nan zaune cikin ƙasar Zazzau. Malamin gona kuwa ya yi ƙaranci, ƙauye ya shekara bai ga ƙeyarsa ba. Manomin da tsutsa ta faɗa wa masararsa, da yana da sabis mai ƙarfi, hoton ganye ɗaya zai ɗauka ya aika, a gaya masa maganin da zai saya da wanda zai ƙi. Ba shi da shi, sai ya tafi wurin mai shago, wanda ba abin da ya dame shi sai ya rabu da kwalbar da ta daɗe a kanta. Haka matan da ke ɗinkin hannu na babbar riga da hula, sana'ar da aka san birnin Zariya da ita: ta cikin birni ta ɗauki hoton aikinta ta tura wa mai saye a Abuja ta WhatsApp, su yi ciniki kai tsaye. 'Yar'uwarta ta ƙauye mai irin wannan hannu sai ta jira dillali, ya karɓa a yadda ya yanka. Haka ungozoma a ƙaramin asibitin ƙauye da haihuwa ta zo mata da gardama da tsakar dare: tsakaninta da likita a Shika, in akwai sabis, minti ɗaya ne.

Ba wai mahukunta ba su san wannan ba. Sun sani, har sun rubuta. A watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin intanet mai sauri na shekara biyar, Dokta Isa Ali Pantami yana minista. Aka yi alkawari baƙi a kan fari: kafin ƙarshen 2025 sabis mai sauri zai rufe inda kashi 90 cikin ɗari na jama'a suke zaune, kashi 70 za su riƙa amfani da shi, saurinsa a birni megabit 25 a daƙiƙa, a ƙauye 10, kuma gigabait ɗaya na data ba zai wuce naira 390 ba. Ku lura, tun a takarda an ba ƙauye ƙasa da rabin abin da aka ba birni. To, ko wannan ɗin an cika? Shekarar 2025 ta ƙare, lissafin hukumar NCC da kanta ya tsaya wajen rabi, ba 70 ba. Rabin nan kuwa layuka ake ƙirgawa, ba mutane ba, ga shi ɗan birni ɗaya yana riƙe da layi biyu ko uku. Maimakon sauƙin farashi, a watan Janairu na 2025 hukumar ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mu Zazzagawa mun san irin wannan alkawari, mun sha jinsa shekara da shekaru a kan ruwan famfo.

Kada wani ya ce intanet ɗin ce ba ta iso ƙasar ba. Ta iso, har ta yi yawa a bakin teku. Manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa sun sauka Ikko tun tuni: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google a 2022. Kogi ne guda ya zo ya tsaya a gaɓa, ba a haƙa masa magudana zuwa cikin ƙasa yadda ya kamata ba. Magudanar ita ce wayar gilashi, siririya kamar gashi, wadda ake binnewa a gefen titi, haske na gudu a cikinta. Shekaru da yawa gwamnonin jihohi suka riƙa tatsar kamfanoni kuɗin haƙa, waɗansu dubban nairori a kan kowace mita, alhali an yi yarjejeniya tun 2013 a kan naira 145. Jihar Kaduna ta yafe wannan kuɗi gaba ɗaya a 2020. Madalla. Amma yafe kuɗin haƙa ba shi ne haƙa ba. Wayar ta bi babban titin Kaduna zuwa Kano, inda riba take, ta wuce ƙauyuka kamar yadda jirgin ƙasa ya wuce su a zamanin Turawa.

Mu yi wa kamfanoni adalci, domin mu ma 'yan kasuwa ne, mun san ba a kasa kaya inda ba mai saye. Kafa ƙarfen sabis ɗaya kuɗi ne masu yawa. A ƙauyen da ba wutar lantarki sai an ajiye masa inji yana shan dizal dare da rana, a sa mai gadi, a kai mai ta hanyar da mota ke kafewa da damina, wani wurin ma ta dajin da ɓarayi ke tare hanya. Mutanen wurin kuwa katin ɗari biyu suke saye. Ɗan kasuwa ba zai je ba don Allah da Annabi. Saboda sanin haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, wanda ake zuba wa wani kaso daga kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC kowace shekara, domin a kai sabis inda riba ba za ta kai shi ba. Daga ina kamfanoni ke samun kuɗin? Daga katin da kai da ni muke sakawa. Ashe kuwa kuɗin talaka ne. Fiye da shekara ashirin ke nan da wannan doka. Muna tambaya, kuma muna da hakkin tambaya: ƙarfe nawa wannan asusu ya kafa a ƙananan hukumomin Zariya da Soba da Giwa da Kudan da Makarfi da Ikara da Kubau? A waɗanne garuruwa? Nawa ne ke aiki yau? A buga sunayen a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, mu je mu gani da idonmu.

Akwai wani abu da ba za mu tsallake ba. A watan Satumba na 2021 aka kashe sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina, sa'an nan a ƙarshen watan aka kashe a waɗansu sassan Jihar Kaduna, har wajen wata biyu. An ce don a hana ɓarayin daji magana da masu kai musu labari. Ɓarayin ba su ƙare ba. Wanda ya rasa hanyar kiran taimako in an shigo garinsu da dare, shi ne talaka. Abin lura shi ne yadda hukuma ta iya kashe sabis cikin kwana ɗaya da takarda ɗaya. Wajen kunnawa ne kullum ake ce mana sai an yi nazari.

Sa'an nan ga batun zaɓe, kuma a nan ne muke roƙon 'yan jam'iyya su buɗe kunne. A watan Yuli na 2021, da majalisa ke muhawara kan aika sakamakon zaɓe ta intanet daga rumfa, jami'an NCC suka shaida wa 'yan majalisar wakilai cewa wajen rabin rumfunan da aka bincika ne kawai ke da sabis ɗin 3G. Waɗanda ba su son a aika sakamako daga rumfa suka kama wannan magana da hannu biyu. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon shugaban ƙasa bai hau shafin hukumar zaɓe a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Mu ba mu ce rashin sabis ne ya jawo wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, duk rumfar da ba sabis, takardar sakamakonta sai ta yi tafiya a kan babur, cikin duhu, kafin ta kai wurin tattarawa, kuma kowa ya san abin da kan samu takarda a hanya. Mai shirin maguɗi ba ya gaggawar ganin ƙarfen sabis a ƙauye.

Waɗansu iyaye da malamai suna tsoron abin da intanet ke shigowa da shi na batsa da ƙarya da damfara. Tsoronsu yana kan hanya, ba mu raina shi ba. Amma kasuwa ma akwai ɓarawo a cikinta, ba a taɓa rufe ta saboda shi ba, sai dai a koya wa yaro riƙe aljihunsa. 'Ya'yan masu mulki kuwa ba wanda ya hana su saboda tarbiyya.

Abin yana yiwuwa, an yi a wani wuri. A Amurka, wajen 1935, gona ɗaya cikin goma ce ke da wutar lantarki, domin kamfanoni sun ce ba riba a karkara. A 1936 gwamnati ta yi doka, ta ba ƙungiyoyin manoma bashi mai sauƙi, suka kafa turaku suka ja waya da kansu, cikin shekara ashirin kusan kowace gona ta samu wuta. A nan cikin jiharmu ma, gidauniyar Fantsuam ta taɓa kafa wa jama'ar Kafanchan hanyar intanet ta gari tun shekarun 2000, da ɗan abin hannunta. Yau da hasken rana ke iya riƙe ƙaramin ƙarfen sabis ba tare da dizal ba, uzurin ya ƙara ƙanƙancewa. Akwai kuma Starlink, mai saukowa daga tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Nijeriya a watan Janairu na 2023. Kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi ɗaya nesa ba kusa ba, amma bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ta sa a asibiti da makaranta da kasuwar mako ba, in ana so.

A watan Mayu na 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000, a kan kuɗi wajen dala biliyan biyu, kuma wani kaso na kuɗin bashi ne wanda jikokinmu za su biya. Ba mu ƙi ba. Amma tun da da sunanmu za a ci bashin, a nuna mana taswira. Muna so mu ga ko layin zai tsaya a Giwa da Hunƙuyi da Maigana da Makarfi da Anchau, inda hatsi da rake da tumatir ke fitowa, ko kuwa zai bi titi ya wuce zuwa gidajen gwamnati kamar na baya. Muna neman kowace kasuwar mako a ƙasar Zazzau ta samu sabis ɗin 4G tsayayye kafin a ƙara yi wa kowa wa'azin daina riƙe takardar kuɗi. Muna neman 'yan majalisarmu na Abuja da na Kaduna, waɗanda suka zo neman ƙuri'a har bakin Ƙofar Galadima, su tashi a zauren majalisa su tambayi lissafin USPF, a kuma buga amsar da Hausa.

Mu ma akwai namu aikin. Hukuma tana da taswirarta wadda kamfanoni suka zana mata, a cikinta gari yakan zama mai sabis ko da bishiya ɗaya ce ke kamawa. Mu yi tamu. Muna umartar kowane sakataren reshe, na birni da na karkara, ya zauna da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, a rubuta sunan kowane ƙauye da unguwa, a faɗi wane layi ke kamawa da wanda ba ya kamawa, ko tiransifa na tafiya ranar kasuwa, da nisan da mutum ke yi kafin ya samu sabis. A rubuta sunan rumfar zaɓen wurin. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, muna da masu karantawa. A kawo takardun ofishin wannan jarida kafin ƙarshen wata mai zuwa. Za mu buga su gunduma-gunduma, mu kai kwafi ga shugaban kowace ƙaramar hukuma da ofishin NCC, mu kuma buga ranar da aka karɓa.